Sabon Fulogin Ƙungiya

Lurwanu ya fi kowa daɗewa a sana'ar caji da gyaran salula a ƙasar Mayahi. Tun salula tana da eriya yake cikinta. Ranar kasuwar Kanan Bakashe yana can, ranar ta garin Sarkin Hausa yana can, da batir cikin akwatin katako, da fano guda, faifan tara wutar rana, da yake jinginawa a rana, da allon caji mai wayoyi rututu. Manoma da makiyaya su kawo salula da hantsi, su shiga cinikinsu, da la'asar su zo su karɓa cike. Wanda tasa ta lalace ya bar ta a gyara.

Abin da mutane ba su sani ba, idonsa ya fara tafiya. Ba makanta ba ce tukuna. Yana ganin mutum, yana ganin raƙumi, yana ganin hanya in rana ta buɗe. Ƙananan abubuwa ne sunka ɓace mishi, launi kuma ya dushe. Waya ja da waya baƙa, in ka ajiye mishi su a inuwa, duk abu ɗaya ne. Ya sayar da motonsa, babur ɗin da yake hawa, ya ce ciwon baya ne, ya koma hawan amalanken maƙwabcinsa Namadi mai kai buhuna kasuwa. Gyara kuwa ya rage sai wanda yatsa ke iyawa, irin canjin batir da share datti daga bakin caji. In aikin dalma ne, sai ya ce kayan ba su iso daga Maraɗi ba. Matarsa Zuhura kaɗai ta sani, ita ma ba shi ya gaya mata ba. Lura ta yi ya daina duba sunan mai kira, sai ya ɗauka ya tsaya jin murya.

Ɓoyewar tana da dalili. Salular mutumin ƙauye ba ƙaramin abu ba ce. A ciki lambar ɗansa take wanda ya tafi neman kuɗi Agadas ko Libiya, a ciki hoton jikan da bai taɓa gani ba yake. Ba wanda zai miƙa ta ga mutumin da anka ce ba ya gani sosai.

Abin da ya rufa mishi asiri shi ne fulogin ƙungiya. Masu caji na Tasawa da Mayahi suna da ƙungiya ɗaya, kuma ba don taron shayi anka kafa ta ba. Batir yana mutuwa a kasuwa, musamman ranar da hadari ya rufe rana. In naka ya mutu, sai ka ɗauki allonka ka jona a akwatin na kusa da kai, gobe shi ma ya jona a naka. To wannan ba ya yiwuwa sai in fulogin kowa iri ɗaya ne. Da anka zauna a farkon ƙungiyar, sai anka zaɓi fulogin gida mai ƙafa biyu, wanda ko wane kanti ke sayarwa. Matsalarsa ɗaya ce. Wutar batir ba kamar ta gida ba ce, tana da gefen ja da gefen baƙi, in ka juya su allo ya ƙone. Sai anka yi doka: a gasa ƙusa a wuta, a yi ɗan rami a gefen ja na fulogi, a yi wani a gefen ja na soket. Rami ya dubi rami, an gama. Don masu gaggawa anka yi dokar, ba don masu ciwon ido ba. Amma da ita Lurwanu yake ci. Babban yatsansa ya laluba, ya ji rami, ya jona, yana hira da mai salula, ba wanda ya lura ko kallon wurin bai yi ba.

Sai ga abin da ya faru a kasuwar Sarkin Hausa. Wani ɗan ƙungiya, Bilal, ya tafi salla ya bar allonsa cike da salula, batir ya yi sanyi. Mai walda na rumfar da ke kusa yana da gurup, injin ba da wuta, yana aiki. Ya ga fitilar allon tana lumshewa, ya ce bari ya taimaki maƙwabci. Ya zare fulogi daga akwatin batir, ya duba, fulogin gida ne sak, ya cusa a gurup. Ya shiga daidai. Duk salular da ke kan allon ta mutu a take. Magana ta kai gaban mai gari, anka kwana biyu ana ja. Mai walda ya ce shi bai san wani rami ba, abin da ya shiga soket shi ya sa a soket. Ba wanda ya iya ce mishi ƙarya yake.

Daga nan shugaban ƙungiya, Alhaji Alamin na Tasawa, ya aika ko'ina cewa a zo taro, za a canza fulogi.

Ranar taron da safe Lurwanu yana zaune bakin ɗaki yana shan koko, Zuhura tana ɗaure mishi jaka. Ya riga ya ji abin da mutanen Tasawa za su kawo. Abokinsa Halilu na Korgom ya gaya mishi a salula: ƙafafu biyu daban-daban, ɗaya ja ɗaya baƙa, siffarsu ɗaya.

"Malam, ka gaya musu mana," in ji Zuhura.

"In gaya musu me?"

"Abin da ke akwai."

"Abin da ke akwai shi ne fulogi. Shi anka kira mu a kai."

Ta ja igiyar jaka ta ƙulle. Can ta ce, "To ka ɗaura zare a naka ja ɗin. Ni sai in ɗaura maka."

"Nawa ba shi ne damuwa ba. In batir ya mutu mini a Kanan Bakashe, akwatin wa zan jona? Ke za ki bi kasuwa kina ɗaura wa akwatunan mutane zare?"

"Ai kana iya tambaya."

"Gaban masu salula? In ce, wane, zo nuna mini ja?" Ya ajiye kwanon. "Ranar nan zan naɗe tabarma."

Ya ciro wani ɗan abu daga aljihu ya miƙa mata. Fulogi ne ruwan ɗorawa, dunƙule guda, gefe ɗaya a miƙe, ɗayan kuma mai kusurwa. Daga jikin wata fitilar rana ya cire shi. Ta juya shi a hannu.

"Wannan ko a duhu ba ya shiga a juye," ya ce. "Shi zan kai musu."

"In sun ƙi fa?"

Ya karɓi fulogin ya mayar aljihu. Akwai abin da ya fi wannan damunsa, ita ma ta sani. Al'adar ƙungiya ce, duk sabon abin da za a ɗauka, wanda ya fi daɗewa a sana'a shi ke fara jona shi da hannunsa gaban kowa, da salular shugaba a kan allo. Girmamawa ce. Tun da tsoho Mamman ya rasu bara, girmamawar ta dawo kan Lurwanu.

A bayan kantin Alhaji Alamin anka yi taron, ƙarƙashin rumfar kwano da anka kewaye da zana. Wurin da sanyi, amma da duhu-duhu. Mutanen Tasawa sunka zauna gefe ɗaya don sun fi yawa, na Mayahi gefe ɗaya, Halilu kuwa ya zauna a tsakiya kusa da mai dafa shayi, ya ce shi ɗan Korgom ne, ba ruwansa da kowa sai kofi.

Anka yi addu'a. Alhaji ya maimaita labarin Sarkin Hausa duk da kowa ya sani. Bilal yana zaune kansa a ƙasa. Sannan anka ba Rayyanu, ɗaya daga mutanen Tasawa, magana. Saurayi ne, ya yi koyon aikin wuta a Maraɗi, yana da kanti a bakin tasha, mai ladabi ne kuma ya san aikinsa. Ya ajiye akwatin batir a tsakiya, ya ɗaga ƙafafu biyu masu kauri, ko wace da rigar roba.

"Waɗannan sun fi ramin soket ɗin gida kauri," ya ce. "Ko da guduma ba sa shiga gurup. Ba sa son dalma, noti ne, ka sa waya ka ɗaure. A Maraɗi buhu-buhu suke. Ja ta shiga ramin ja, baƙa ta shiga na baƙi. Shi ke nan."

Anka zagaya da su hannu-hannu. Da sunka iso wurin Lurwanu ya murza su tsakanin yatsu. Kamar tagwaye. Ko tabon da zai rarrabe su babu. Ya miƙa gaba.

"Ina da magana," ya ce, ya ciro nasa ruwan ɗorawa. "Wannan hanya ɗaya yake shiga. Ba ruwanka da launi."

Shi ma anka zagaya da shi. Alhaji ya daɗe yana dubawa.

"Na san shi, Malam Lurwanu. Abu ne mai kyau. Amma na tambaya, ba a samunsa da yawa, sai an yi sautu Kano. Kuma dalma yake so. Mutum nawa cikinmu ke tafiya ƙauye da ƙarfen dalma?"

"Shi kansa mai kawo maganar yaushe rabon a ga ya yi dalma?" in ji wani daga gefen Tasawa. "Kullum kaya ba su iso ba."

Anka yi dariya kaɗan. Lurwanu bai juya ba.

"To a bar nawa," ya ce. "A ɗauki na yaron. Amma a gasa ƙusa a yi wa ja rami, yadda munka saba."

"Robar siririya ce, Baba," in ji Rayyanu. "Ƙusa za ta huda har ƙarfe."

"To a ƙulla wayar ja. Ƙulli guda."

"Ƙulli yana karya waya daga ciki. Kuma ƙulli na mene ne, Baba? Wa bai san ja ba?"

Ba da rashin kunya ya faɗa ba, tambaya ce tsakani da Allah. Mutane sunka gyaɗa kai. Har mutanen Mayahi sunka gyaɗa.

"Mutanen Mayahi ba su san ja ba," in ji Halilu daga wurin shayi. "Ko barkono sai sun ɗanɗana."

"Ku a Korgom kun taɓa ganin barkonon?" wani ya mayar mishi.

Alhaji ya ɗaga hannu anka yi shiru. Ya ce magana ta karkata wuri ɗaya, saura gwaji. Ya ciro salularsa ya sa a kan sabon allon da Rayyanu ya haɗa. Rayyanu ya ɗauko akwatin batir ya kawo har gaban Lurwanu don kada babba ya tashi, ya durƙusa, ya miƙa mishi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya.

"Ga ja, Baba. Ga baƙa."

Lurwanu ya riƙe ja a hannun dama da ƙarfi, kada ta ɓace mishi. Rabin aiki ya samu kyauta. Saura ramuka. Ya sunkuya. A saman akwatin ya ga zobba biyu, dukkansu launin toka.

"A fito da shi haske," ya ce.

"Allura za ka zura, tsoho?" in ji Halilu. "Rana tana cin mutum a waje. Jona mu sha shayi."

Anka yi dariya. Lurwanu ya ƙara sunkuyawa kamar mai hure ƙura daga ramukan, har hancinsa ya kusa taɓa katako. Zoben hagu kamar ya ɗan fi haske. Ko kuwa hasken ƙofa ne ya faɗo mishi. Ya shafa su da yatsa, duk santsi. Mutane suna jira, mai shayi ya tsaya da buta a sama. Ya ce bisimilla, ya cusa ja a hagu, baƙa a dama.

Allon ya yi ɗan ƙara, tas. Hayaƙi siriri ya tashi, warin roba ya cika rumfa. Alhaji ya fizge salularsa, Rayyanu ya zare ƙafafun. Alhaji ya danna, salula ta kawo haske. Allon ne kaɗai ya tafi.

 Sai Halilu ya buga cinyarsa.

"Kun gani ko? Da gangan ya yi. Tsohon nan mugu ne, na san shi tun muna tallan kaset. Ya gaya muku da baki kun ƙi ji, ya nuna muku da hayaƙi."

Dariya ta ɓarke, irin ta mutanen da sunka samu mafita. Mutanen Mayahi sunka fara cewa ai dama, ai dama. Rayyanu yana durƙushe da allonsa a hannu, yana duban inda ya ƙone. Shi da Alhaji kaɗai ba su yi dariya ba.

"Da gangan ne, Malam Lurwanu?" in ji Alhaji.

Ƙofa ce Halilu ya buɗe mishi, kuma Lurwanu ya gan ta sarai. In ya ce e, ya tashi da girmansa, har da ƙari. Sai ya auna abin da zai biyo baya. Za a yi dariya, a ce tsoho ya yi wasa, a ce to kowa ya kula, a ɗauki ja da baƙa don su ne a buhu. Bayan kaka ya tsinci kansa a Kanan Bakashe, hadari a sama, allonsa cike da salular makiyaya, akwatin wani a gabansa da zobba biyu masu launin toka. Yau allon Rayyanu ne ya ƙone. Ranar nan ba Halilu a kusa, kuma makiyayi ba ya dariya a kan salularsa.

"Ba da gangan ba ne," ya ce. "Ba na ganin su."

Dariyar ta tsaya a hankali, daga gaba zuwa baya.

"Me ba ka gani?" in ji Alhaji.

"Ja da baƙi. Ƙananan rubutu. Cikin salula. Ya kai shekara biyu. Ramin ƙusa nake bi."

Halilu ya ajiye kofinsa. "Kai, Lurwanu. Ni ma ba ka gaya mini ba?"

"Da na gaya maka, da Korgom duk ta ji kafin magariba."

Ba wanda ya yi dariya a wannan. Wasu sunka ce Allah ya sawwaƙe, Allah ya ba da lafiya. Ya amsa da amin sau ɗaya.

Rayyanu ne ya fara komawa kan aiki. Ya ɗauki ƙafafun biyu ya jera su a tafin hannunsa, ya daɗe yana kallo.

"Alhaji, ana iya haɗe su," ya ce. "A kafa su biyun a jikin ɗan katako guda. A gefen ja a ƙara ɗan turke, a huda mishi rami na uku a akwati. In ka juya, turken ya tokare katako, ba ya shiga. Kafinta ɗaya ya isa ya yi wa kowa."

"Kafintan Tasawa, ko?" in ji wani daga Mayahi.

"In kuna da wanda ya iya huda rami daidai, ku kawo shi."

Nan anka sake sabon ja. Wasu sunka ce katako yana kumbura da damina. Wani ya ce a yi da robar taya. Wani ya ce faɗin tsakanin ramuka dole ya zama ɗaya daga Korgom har Kanan Bakashe, in ba haka ba an koma gidan jiya, sai anka ce Rayyanu ya yanka ƙarfen awo guda biyu, ɗaya ya zauna Tasawa ɗaya Mayahi, kowane kafinta ya huda a kansa. Anka tsaya a kan katako. Anka ce tsohon fulogi yana nan har a gama girbi, bayan nan duk wanda anka gani da shi a kasuwa ba a ba shi aron batir. Lurwanu yana zaune ana ta yi a kansa, ba wanda ya tambaye shi. Abin da ya zo nema ya samu, fulogin da ba ya shiga a juye, ko da yake ba nasa ba ne.

Alhaji yana shirin rufewa da addu'a sai Bilal ya ɗaga kai. Tun farkon taro bai ce uffan ba.

"Akwai saura, Alhaji. Ku gafarce ni, Baba Lurwanu, ba raini ba ne." Ya gyara zama. "Ni na tsaya gaban mai gari. Ba sunana kaɗai anka kira ba, sunan ƙungiya anka kira. In mutum ya ba ɗayanmu salula ya buɗe, don ya san muna tsaya wa juna ne. Caji daban, gyara daban. Ni dai abin da na gani ke nan."

Wasu sunka yi gunaguni, wai ba yau ba. Alhaji ya dubi Lurwanu.

"Gaskiya ya faɗa," in ji Lurwanu. "Da ni ne a wurinsa, da tun ɗazu na faɗa."

Sai anka yanke: Lurwanu ya ci gaba da caji, amma ya daina buɗe salula. Gyaran Kanan Bakashe da Sarkin Hausa ya koma hannun Anwar, wani ɗan ƙungiya da ke kafa rumfa a kasuwannin nan biyu. Alhaji ya ƙara da cewa ranar da sabon fulogi ya fito, Malam Lurwanu ne dai zai fara jonawa, al'ada ba ta canza ba. Anka shafa fatiha.

A bakin tasha Halilu ya raka shi har mota. Ya so ya riƙe mishi hannu wurin hawa, Lurwanu ya janye.

"Mota nake gani, Halilu. Ba ƙafar fulogi ba ce."

"To Allah ya kiyaye. Ka je asibiti dai a duba."

"Bayan girbi."

Da ya isa gida Zuhura ba ta tambaye shi ba. Labari ya riga shi, matar wani ɗan ƙungiya ta shigo tun la'asar. Ta kawo mishi ruwa da tuwo. Da ya gama ci ya ce ta ɗauko mishi ƙaramar jakar kayan gyara, ya zazzage a tabarma, ya ware ƴan sukurdireba da hantsaki da ƙarfen dalma gefe guda, ya ce in Anwar ya aiko a ba shi.

Ranar kasuwar Kanan Bakashe ya hau amalanken Namadi kamar kullum. Da sunka iso Namadi ya sauke mishi akwatin batir da kansa, abin da bai taɓa yi ba. Lurwanu ya jingina fano, ya shimfiɗa allo, ya zauna.

Nan ma labari ya iso. Mutanen da sunka saba zuwa kai tsaye, yau sai su gaishe shi daga nesa, su tambayi gida, su wuce rumfar Anwar. Wasu sun kawo, tsofaffi yawanci, da waɗanda ba su ji ba. Rana ta yi tsaka allonsa bai kai rabi ba. Can rumfar Anwar wayoyi sun ƙare, mutane suna tsaye suna jiran a cire wata.

Wajen azahar Maryamu ta zo, wata Bafulatana mai sayar da nono, wadda ta daɗe tana kawo mishi salula biyu duk kasuwa, tata da ta mijinta. Ta sauke ƙwarya, ta tsuguna, ta ƙura mishi ido.

"An ce idonka ya mutu, mai caji."

"Bai mutu ba. Ya tsufa."

"To wane launi ne zanen nan nawa?"

"Ban sani ba. Caji kika zo ko gwaji?"

Ta yi ɗan murmushi, ta kwance bakin zane ta ciro salula biyu. Ta miƙa mishi babbar, ta mijin, mai gilashi.

"Wannan ba ta shan wuta sai an riƙe wayar."

Ya karɓa, ya sa waya a bakinta, ya girgiza a hankali. Ya ji tana rawa.

"Bakin ne ya saki daga ciki. Sai an buɗe an sa dalma. Kai wa Anwar, ga shi can gindin itacen bedi. Ki ce ni na aiko ki, kada ya ajiye ki har yamma."

"Kai ba ka yi?"

"Na daina."

Ta karɓi babbar ta mayar bakin zane ta ƙulle. Ta tsaya da ƙaramar a hannu, tata, tsohuwa mai madannai da anka ɗaure bayanta da roba. Ta dubi rumfar Anwar da cunkoson da ke gabanta, ta dubi allon Lurwanu.

"Wannan ko ta ƙone ba a yi asara ba," ta ce, ta miƙa mishi.

Ya karɓa, ya laluba bakinta da yatsa, ya bi wayoyin allon har ya samu mai siririn kai, ya sa mata. Ta ɗauki ƙwaryarta ta nufi gindin bedi.